Suna Linzami: Darasin Da Na Koya Daga Fayilolin Kiɗa

Tun muna aji ɗaya a wannan sashe namu na fara jin karin maganar nan ta Hausawa da ke cewa suna linzami ne. Na rubuta ta a littafina, na haddace ta, har na kawo ta a jarrabawa aka ba ni maki. Amma maganar gaskiya ban san nauyinta ba sai da na sha kunya a gaban taron biki, daga baya kuma na yi asarar wani abu wanda kuɗi ba sa iya dawo da shi. Abin da ya jawo mini duka biyun kuwa ɗan ƙaramin abu ne wanda yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato sunayen da muke raɗa wa fayiloli a cikin kwamfuta da kuma inda muke ajiye su. Na san wani zai ce me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da zancen situdiyo. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni a sannu, in Allah ya yarda zai ga mahaɗin kafin mu rabu.

Yadda Na Shiga Harkar Kiɗa

Ni Bayarabe ne, an haife ni a Ibadan, ko kuwa Badun kamar yadda maƙwabtanmu Hausawa ke kiranta. Gidanmu yana Mokola, kusa da Sabo, unguwar Hausawan nan da aka kafa tun shekarar 1916. Mahaifiyata tana da shagon sayar da atamfa, kuma da yawa daga cikin masu cinikinta matan Sabo ne. A bakin shagon nan na tsinci Hausata ta farko, a wajen masu tsire da 'yan canji da yaran da muke buga ƙwallo tare. Hausa ce ta kasuwa wadda ba ta bambanta mace da namiji, domin na daɗe ina ce wa 'yan mata "ka zo" suna yi mini dariya. Sai da na shigo jami'a na san akwai ƙa'idojin rubutu da jinsi da karin sauti.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki na tsawon wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Na koma gida na zauna, ba aikin fari balle na baƙi. Da ɗan abin da na tara da wanda yayata ta ƙara mini na sayi tsohuwar laftof da makirfo guda ɗaya, na fara koyon haɗa kiɗa da manhajar FL Studio. Wani kamfani ne na ƙasar Beljiyam mai suna Image-Line ya yi wannan manhaja. Da farko sunanta FruityLoops, a 2003 aka sauya mata suna, kuma matasa da dama masu ƙananan situdiyo a ƙasar nan da ita suka fara. Ina da wani aboki Bahaushe a Sabo wanda Allah ya ba shi murya, sai muka haɗa gwiwa: shi da waƙa, ƙannensa mata biyu da amshi, ni kuma da kiɗa da tace sauti. Ɗakin ajiyar kaya da ke bayan shagon mahaifiyata muka jingina wa tsofaffin katifu a bango, muka sa masa suna situdiyo.

Kasuwar da ta karɓe mu ita ce waƙar biki. Dangin amarya za su kawo sunayen amarya da ango da iyaye da ƙawaye a takarda, su ba da kafin alƙalami, mu kuma mu tsara waƙa ta minti biyar ko shida wadda za a sa ranar kamu da ranar liyafa. Wanda bai taɓa aikin ba zai zaci waƙa ɗaya fayil ɗaya ce. Ina! Akwai fayil ɗin aikin kansa, akwai na kiɗa, akwai muryar mawaƙi wadda akan ɗauka sau goma ko fiye kafin a sami mai kyau, akwai ta 'yan amshi, sannan duk lokacin da aka yi gyara sai an fitar da sabon kwafi an tura wa masu biki su ji. Kafin a gama waƙa guda sai a tara fayiloli hamsin. Ga su kuma da cin wuri, domin minti ɗaya na sauti a fayil irin na WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10.

Domin in saba da harshen, da Hausa nake raɗa musu suna. Sai dai wane irin suna? "Sabo", "sabo 2", "biki", "biki gyara", "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaske", har akwai wanda na sa wa "wannan ne". Duk a zube suke a fuskar kwamfuta kamar kayan gwanjo. A lokacin ban ga aibun haka ba, domin na san kowanne, kuma ina taƙama da cewa kaina ya ishe ni kundi.

Ranar Da Na Sha Kunya

A watan Oktoba na shekarar wata Hajiya, wadda ta daɗe tana ciniki da mahaifiyata, ta ba mu aikin waƙar bikin 'yarta. Muka yi, muka gama, ta ji ta yaba. Ana cikin haka sai wani saɓani ya shiga tsakanin iyalan biyu aka fasa auren, daga baya aka ba wani daga cikin manema yarinyar, aka sa rana a Disamba. Hajiya ta kira ni ta ce, "Ɗana, waƙar nan muna sonta yadda take, sunan ango kawai za ku canza." Sunan ya fito a wuri shida. Muka sake ɗaukar wuraren shida, na tace, na fitar da sabon kwafi, na tura mata, ta ce ya yi.

Ranar liyafa tun safe babu wuta, batirin laftof ya kusa mutuwa, ga mai sa kiɗa a wurin taron yana ta kirana a waya in kawo waƙa. Na buɗe kwamfuta cikin gaggawa, na ga fayiloli uku masu ɗauke da kalmar "na ƙarshe", na danna ɗaya na saurari farkonsa, na ji daidai ne, na zuba a filashi na hau okada. Abin da ban tuna ba shi ne, farkon duka ukun iri ɗaya ne, sunan ango ba ya fitowa sai bayan kusan minti ɗaya da rabi.

Amarya da ango suka shigo zaure ana guɗa, suka iso tsakiyar fili, mata suka kewaye su ana liƙi. Nan ne muryar abokina ta rangaɗa sunan wanda aka fasa da shi, 'yan amshi kuma suka maimaita shi har sau biyu, domin haka muka tsara waƙar. Guɗa ta tsaya cak. Kafin mai sa kiɗa ya gane abin da ke faruwa ya kashe, kowa ya riga ya ji. Amarya ta rufe fuska da mayafi, gwaggonnin ango suka tashi za su fita, sai da manya suka sa baki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Washegari na tafi gidan Hajiya da kuɗinta a hannu, na durƙusa na ce, "Hajiya, a yi mini afuwa, kuskure ne." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ɗana, riƙe kuɗinka. Ka ga an taɓa wanke irin wannan da kuɗi? Dangin mijinta cewa suke da gangan muka yi." Sai da mahaifiyata ta nemi wasu dattawan mata biyu suka raka ta ba da haƙuri. Ayyuka uku da muke da su a hannu aka janye, domin labari a Sabo ba ya kwana. Abokina ya yi mako biyu ba ya amsa kirana, kuma da muka haɗu abin da ya ce mini shi ne, "Mutumina, ai kai ba wanda ya ji muryarka. Tawa aka ji."

Baba Mai Kalangu

Da abin ya tsaya nan da na ce da sauƙi, domin kunya takan wuce. Amma bari in koma baya kaɗan zuwa watan Agusta na wannan shekara ta 2022. Akwai wani tsoho a Sabo da kowa ke kira Baba mai kalangu, wanda ya zo daga Arewa tun yana saurayi, ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mahauta kiɗa, kasancewar kalangu a al'adar Hausa kiɗan mahauta ne. Ina son kiɗansa ƙwarai, saboda yana tuna mini da gangar Yarbawa mai magana, wadda ita ma ake matse tsarkiyarta domin sauya sauti. Na roƙe shi ya zo ɗakinmu in ɗauki kiɗansa, ya yarda. Yamma uku ya yi yana zuwa. Yakan kaɗa take, ya tsaya ya faɗa mini abin da kalangun ke cewa da wanda ake yi wa da kuma lokacin da ake kaɗa shi, sannan ya wuce zuwa wani. Abin da na ɗauka ya kai awa biyu. Ranar ƙarshe da zai tafi ya ce mini, "Ɗan nan, ka ajiye da kyau. Yaran yanzu fiyano suka sani."

Na ce masa to. Na adana fayil ɗin aikin da sunan "kalangu", amma sautukan da na ɗauka ban ba su suna ba, na bar su da irin sunan da manhaja ke bayarwa da kanta idan mutum bai ba ta nasa ba, wato haruffa da lambobi waɗanda ba sa nuna komai.

Bayan abin da ya faru a biki sai na ɗauki aniyar share kwamfutata, ga shi ma ta cika maƙil. A cikin Janairun 2023 na zauna dare ɗaya, cikin fushi da kaina, na goge duk fayil ɗin da ban gane sunansa ba, na kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar. Na ga "kalangu" na bar shi, hankalina kwance cewa kiɗan Baba yana ciki.

A tsakiyar shekarar Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bayan sadakar arba'in babban ɗansa ya zo wurina ya ce ya ji labarin na ɗauki kiɗan mahaifinsu, yana so ya ajiye wa jikoki. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na buɗe fayil ɗin a gabansa, sai manhaja ta nuna cewa ba ta ga sautukan ba. Layuka suna nan, alamomin da na sa suna nan, amma shiru.

Ya kamata in yi bayanin dalili a nan, domin masu fara wannan aiki da yawa ba su sani ba, kuma laifin nawa ne ba na manhaja ba. Fayil ɗin aiki na irin waɗannan manhajoji kamar katin rajistar ɗakin karatu yake: yana faɗin inda littafi yake a kan kanta, amma littafin ba ya cikinsa. Abin da yake riƙewa shi ne tsarin kiɗa da yadda aka daidaita ƙarfin kowane sauti da kuma adireshin inda muryoyin suke a cikin kwamfuta. Idan aka goge muryoyin, ko aka matsar da su, ko aka sauya musu suna, sai katin ya zama yana nuna kantar da babu komai a kanta. Na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara ko za a iya ceto wani abu. Ya bayyana mini cewa idan aka goge fayil, kwamfuta tana ɗaukar wurinsa a matsayin fili ne, sabbin abubuwa kuma su hau kai. Wata shida na yi ina zuba sababbin ayyuka a kan kiɗan Baba ban sani ba.

Abu ɗaya kawai ya tsira. Na tuna cewa a ranar farko, don murna, na yanko ɗan guntu na tura wa abokina ta WhatsApp. Wayarsa tana da sautuka ɗaruruwa, amma WhatsApp yakan sa wa irin waɗannan fayiloli suna mai ɗauke da shekara da wata da rana a jere. Muka nemi waɗanda lambarsu ta fara da 202208, cikin minti biyar muka same shi. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi: take ɗaya, da muryar Baba yana dariya a ƙarshe. Ɗansa ya saurara sau uku, ya share ido ya ce, "Allah ya saka da alheri." Wallahi wannan godiya ta fi faɗan Hajiya yi mini zafi.

Abin Da Aji Ya Ƙara Mini

A zangon da ya biyo baya muka ɗauki darasin waƙar baka. Malaminmu ya ba mu aikin juyar waƙa daga sauti zuwa takarda, kuma duk wanda ya kawo nasa ba tare da bayani a sama ba sai ya mayar masa. Yana so a rubuta wanda ya yi waƙar, da wanda aka yi wa, da inda aka yi ta, da lokacin, da kuma inda ɗalibi ya samo ta. Ya kawo mana misali da cewa idan mutum ya rubuta "Bakandamiya" kawai a bayan kaset bai faɗi komai ba, domin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yana da waƙa mai wannan suna, Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999 shi ma yana da tasa. A darasin ne kuma muka san littafin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, muka koyi kalmomi irin su salsala da turke da gindin waƙa da ɗiyan waƙa.

Ina zaune a aji sai na ga ashe abin da Malam yake nema a saman takarda shi ne abin da fayilolina suka rasa. Bahaushe ba ya raɗa wa jariri suna da ka, sai an kwana bakwai an yi shawara, an tara jama'a an yanka rago. Mu ma Yarbawa mukan duba gida da halin da aka haifi yaro a ciki kafin a sa masa suna. Amma ni sai in kwana uku ina wahala a kan aiki, in sa masa "sabo 2" in tafi barci.

Tsarin Da Nake Bi Yanzu

Ga abin da na tsara wa kaina, ba don na fi kowa sani ba, sai don wanda ya taɓa ƙonewa shi ya san zafin wuta.

Na farko, kowace waƙa tana da foldarta, kuma duk abin da ya shafe ta yana ciki, ba a fuskar kwamfuta ba. Sunan foldar yana farawa da ranar da aka fara aiki, sai nau'in aikin, sai masu shi, kamar haka: 2025-01-18_biki_wance-da-wane. Ina fara rubuta shekara, sai wata, sai rana, saboda ta haka foldoji suke jera kansu daga tsohuwa zuwa sabuwa. Haka kuma yana kawar da ruɗani, domin 03-04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 8601 a kan wannan tsari a shekarar 1988.

Na biyu, a cikin kowace folda akwai ƙananan foldoji shida masu lamba: 01-aiki, 02-murya, 03-kida, 04-gwaji, 05-mikawa da 06-tsoho. Dokar da ba na karyawa ita ce, fayil ɗaya tak ke zama a foldar miƙawa. Idan aka yi gyara, tsohon ya koma foldar tsoho kafin sabon ya shiga. Da ina da wannan doka a Disambar 2022, ko da ido rufe na ɗauko waƙar Hajiya da na ɗauko daidai.

Na uku, na haramta wa kaina kalmomin "sabo" da "na ƙarshe". Sabon yau tsohon gobe ne, kuma babu mai aikin kiɗan da ya san ƙarshen gyara tun masu biki ba su gama canza ra'ayi ba. Lamba nake sawa, tare da kalma ɗaya ko biyu masu nuna abin da ya sauya, misali tace_03_karin-amshi ko tace_04_canjin-sunan-ango. Ina rubuta 01 da 02 maimakon 1 da 2, saboda wasu na'urori sukan jera 10 kafin 2 idan babu sifili a gaba.

Na huɗu, ba na danna maɓallin ɗauka sai na sa wa layin suna, domin daga sunan layi manhaja takan ciro sunan sautin. A nan kalmomin aji suka yi mini rana: jagora, amshi, gindi, ɗa na ɗaya, ɗa na biyu, kalangu. Kiɗan da na haɗa kuma nakan ƙara masa lambar saurin bugunsa a cikin suna, domin idan na dawo bayan shekara in san da wane zai dace.

Na biyar ya shafi haruffa masu lanƙwasa, kuma shi ya fi yi mini ciwo a matsayina na ɗalibin Hausa wanda ya sha rasa maki a kansu. Mai karatu ya lura na rubuta "kida" da "mikawa" a sunayen foldoji. Da gangan ne. Kwamfutoci da wayoyin zamani suna karanta ɓ da ɗ da ƙ lafiya lau, amma na sha ganin rediyon mota da tsofaffin sifikoki masu karɓar memori sun mayar da su akwati ko alamar tambaya. Saboda haka a sunan fayil ba na sa su, ba na barin fili tsakanin kalmomi, ba na kuma sa alamomin da Windows ba ta yarda da su ba, irin su alamar tambaya da tauraro da ɗigo biyu. Sai dai nakan guje wa kalmar da ma'anarta za ta rikice idan an cire lanƙwasa, kamar baki da baƙi, ko kasa da ƙasa.

Na shida, kowace folda tana da ɗan fayil na rubutu wanda na sa wa suna salsala. A nan nake rubuta cikakkiyar Hausa da lanƙwasarta: wanda ya ba da aiki, da sunayen da aka kawo kamar yadda dangi suka tabbatar, da waɗanda suka yi waƙa da amshi, da ranar ɗauka, da kuɗin da aka biya, da duk wani canji da ranar da aka nemi a yi shi.

Na bakwai, idan aiki ya kammala nakan sa manhaja ta tattara fayil ɗin aiki da dukkan sautukansa a cikin ƙunshi ɗaya irin na ZIP, wato katin da littattafan a jaka guda. Sannan in yi kwafi uku: ɗaya a laftof, ɗaya a faifan ajiya na waje wanda ke zaune a gidan yayata, ɗaya kuma a intanet. Ba na dogara da intanet ita kaɗai. A watan Maris na 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 a wajen sauya rumbunan ajiya, kuma rahotanni sun ce sun kai kimanin miliyan 50. Idan haka ta sami babban kamfani, ina ga mai tsohuwar laftof a bayan shagon atamfa?

Na takwas kuma na ƙarshe, kafin in miƙa waƙa sai na saurare ta daga farko har ƙarshe, daga cikin filashin da zan bayar, ko da masu biki suna tsaye a kaina. Idan ta waya zan tura, a matsayin takarda nake turawa domin ta isa da sunan da na ba ta.

Wasu abokaina masu wannan sana'a suna cewa irin wannan tsari yana kashe wa mutum basira, wai kafin ka gama buɗe foldoji kiɗan da ya zo maka ya gudu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin ni ma wani lokaci cikin dare wani sauti yakan zo mini in ɗauke shi a gurguje. Abin da na yi shi ne na ware folda guda ta irin waɗannan, da sharaɗin ba za su kwana biyu babu suna ba. Ban da haka, ina da foldar da babu komai a cikinta sai ƙananan foldojin nan shida, kwafarta kawai nake yi idan sabon aiki ya zo. Duka-duka abin bai wuce minti biyu ba.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, na san mafi yawanku ba ku haɗa kiɗa, amma kowannenmu zai rubuta kundin kammala digiri. Na leƙa kwamfutocin wasu daga cikinmu na ga "babi na uku gyara", "babi na uku gyara na Malam", "babi na uku na gaske", sai na tuna da kaina. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne hirarrakin da muke ɗauka da waya a wajen tsofaffi, masu sana'o'in gargajiya da mawaƙa da ungozomomi, mu bar su da lambar da waya ta ba su. Babin da ya ɓace ana iya sake rubuta shi, amma tsohon da aka yi hira da shi ba lallai ne a koma a same shi ba. Tun kafin ka bar ƙofar gidansa ka sa wa hirar suna da rana da wuri, ka kuma yi mata kwafi a daren.

Hajiya yanzu tana amsa gaisuwata, har takan tambayi karatu, amma da aka tashi bikin ƙaramar 'yarta wani situdiyo aka kai aikin, kuma ban ga laifinta ba. Ni da abokina mun ci gaba da aiki a lokutan hutu. Guntun kiɗan Baba kuwa yana da foldarsa shi kaɗai, da salsalarsa a rubuce, da kwafi a wuri uku, kuma shi ne fayil mafi tsawon suna a kwamfutata.

Idan mai karatu ya ci karo da kuskure a Hausata ya yi mini afuwa ya gyara, har yanzu ɗan koyo ne ni. Allah ya jiƙan Baba mai kalangu, ya ba mu sa'ar karatunmu, amin.